Bangon da Bai Yi Sumul Ba

Idan Baba Sumul ya shigo gidanka, kada ka ɗauka kai ya zo gani. Zai gaishe ka da kyau, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, amma idonsa yana kan bangonka. Ko gaisuwar rashi ya je, ana tsakiyar addu'a za ka hango shi ya karkata kai yana leƙen kusurwar ɗaki, yana taɓe baki a ɓoye. Matarsa ta yi faɗa har bakinta ya gaji. Ta ce wata rana sai an koro shi daga gidan mutane, shi kuma ya ce wanda ya yi musu wannan ɗanyen aikin ya kamata su kora.

Shafen siminti ne sana'arsa tun yana saurayi, kuma a wurin aiki ya samo sunan. Duk bangon da ya gama sai ya bi shi da tafin hannu, ya ja baya ya ce, "Sumul." Leburori suka riƙa kwaikwayonsa, abin ya bi shi har gida, har sunansa na gaskiya ya kwanta.

Yawancin masu shafe da rana tsaka suke duba aikinsu. Su tsaya daga nesa, su ga bango fes, su tattara kaya. Shi kuwa cewa yake hasken da ya bugi bango gaba da gaba munafuki ne, duk ɓarnar da ya gani rufa mata asiri yake yi. Mai faɗin gaskiya shi ne wanda ya shigo ta gefe yana jan ciki a jikin bango, irin na farkon hantsi ko na la'asar sakaliya. A irin wannan hasken ƙwayar yashi ma tana da inuwarta. Nan za ka ga inda cokalin gini ya yi tuntuɓe, inda aka cika wa kwaɓi ruwa, inda mai aiki ya tsaya surutu siminti ya sha iska. Shi ya sa yake riga kowa zuwa wurin aiki. Ya manna kumatunsa a bango, ya rufe ido ɗaya, ya bi shi da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ranar da babu rana sai ya kwantar da tocila a jikin bangon ya haska. Haka ya koya wa ɗansa sana'ar, da faɗa da rankwashi, har ɗan ya zama gwani.

Amma akwai bango ɗaya da ya fito daga hannunsa bai yi sumul ba, kuma a ɗakin kwanansa yake.

Lokacin da ya gina ɗakin 'ya'yansa biyu ne. Babban namiji ne, ƙaramar mace, ita ce Auta, ba ta ma isa shiga makaranta ba. Ita ce take kiran wanta Yaya, har kowa ya ɗauka, iyayen ma suka bi. Yarinya ce mai shisshigi, duk inda ubanta ya ajiye abu sai ta taɓa. Ranar da ya shafe bangon da ke gefen taga uwar ta tafi kasuwa. Ya fita wanke kayan aiki, ya dawo ya tarar Auta ta manna tafin hannunta a ɗanyen siminti, can ƙasa daidai tsayinta. Ta juyo tana dariya ta ce, "Baba, na taya ka."

Ransa ya ɓaci. Ya daka mata tsawa, ya buge hannun, ta fita tana kuka. Ya ɗauki katakon shafe ya bi wurin, amma siminti ya riga ya fara kamawa. A ido ya shafu, shi dai ya san bai shafu ba. Ya ce gobe zai fasa wurin ya sake. Goben ta zama jibi, aiki ya yi masa yawa, damina ta shigo. Kafin daminar ta fita zazzaɓi ya tafi da Auta.

Bai sake wurin ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Duk lokacin da ɗakin ya buƙaci fenti shi yake shafawa da kansa, idan ya zo nan sai ya tsinka fentin da ruwa ya wuce da burushi sau ɗaya. Da rana ko a hasken ƙwan lantarki, ko ka sa hanci a wurin ba za ka ga komai ba. Sai da safe, idan rana ta ɗan ɗago ta shigo ta ƙaramar tagar gabas ta kwanta a jikin bangon. Da farko ƙwayoyin yashi ne za su tashi, kowacce da ɗan baƙinta a gefe. Sai sawun gashin burushi ya fito layi-layi. Hasken ya yi ta gangarowa a hankali, har ya iso ƙasa, sai inuwa ta taru a wasu ƙananan ramuka marasa zurfi, yatsu biyar da ɗan tudun tafi. Ba ya daɗewa. Kafin mutum ya shanye kofin shayi rana ta haura, bango ya koma bango. A wannan lokacin galibi yana wurin aiki, matarsa tana madafa, don haka ya zauna da tunanin shi kaɗai ya sani.

Haka shekaru suka tura. Yaya ya yi aure ya koma wata unguwa, yana karɓar manyan ayyuka, mutum mai 'ya'ya amma har yanzu Yaya ake ce masa, ko da yake wadda ta sa masa sunan ba ta nan. Gwiwar Baba Sumul ta daina yarda da tsani. Sai kuma wata safiya matarsa ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Mace mai surutu da tsiwa, wadda ba a gama magana ba ta ba da amsa, ta koma kalma ɗaya sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito.

Da aka dawo da ita daga asibiti, abu na farko da ta nema shi ne a juya mata gado. Yaya ya ce ai a haka ta fi samun iska, ta dage. Aka juya, fuskarta ta kalli bangon gefen taga. Washegari Baba Sumul yana zaune a bakin gadon yana fifita mata shayi, ta ce ya ɗaga labule. Ya ɗaga. Haske ya shigo ya fara gangarowa, sai ya ga idonta bai bi hasken ba, ya riga ya sauka can ƙasa yana jira. Nan ya gane ta sani, kuma ba yau ta sani ba. Kunya da tausayi suka rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa. Ya ci gaba da fifita shayin da ya riga ya huce.

Ba su yi maganar ba. Tun ranar da aka fita da Auta suka bar ambatonta, kowa yana gudun tayar wa ɗan'uwansa da ciwo, har shirun ya zama jiki. Amma daga wannan safiyar ranarsu ta samu abin jira. Ya goge mata fuska, ya jingina ta da matashi, ya ɗaga labule, su zuba wa bangon ido su biyu. Hannun ya fito, ya ɗan jima, ya tafi. Daga nan sai ta karɓi abinci, har ta samu ƙarfin tsokanarsa cewa shayinsa ruwan wanke kofi ne. Idan an tashi da hadari kuwa, ranar sai ya yi ta lallashi kafin ta buɗe baki.

Ana cikin haka maƙwabcinsu na gabas, wani mai sayar da tayoyin mota, ya fara ɗora bene a kan gidansa. Baba Sumul magini ne, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi ƙarafunan da aka tsayar, ya dubi tagarsa. Idan ginin nan ya kai inda aka nufa, rana ba za ta ƙara shiga ɗakin da safe ba.

Ya sa rigarsa mai kyau ya je wurin mai tayoyin. Mutumin kirki ne, ya ba shi kujera, ya tambayi mai jiki. Baba Sumul ya yi ta kewaye-kewaye. Ya yi maganar tushe, ya yi maganar magudanar ruwa, daga ƙarshe ya ce ginin zai tare musu haske. Mai tayoyin ya yi dariya, ya ce indai haske ne ai abu mai sauƙi ne, shi da kansa zai aiko da ƙwai mai haske kamar rana a saka wa Mama. Ya ƙara da cewa idan an zo shafe yana so Baba ya riƙa leƙowa yana duba masa yaran. Me zai ce? Ya ce wa mutum ya dakatar da benensa saboda wasu ramuka biyar a bango? Ya yi godiya ya tashi.

Bulo ya riƙa hawa kan bulo. Kowace safiya hasken yana makara, yana kuma ƙanƙancewa. Ya daina kaiwa ƙasa sosai, sai ya tsaya a kan yatsu ya bar tafin. Daga baya kan yatsun kawai yake lasa. Ranar da aka zuba kankaren rufin benen, Baba Sumul ya ɗaga labule kamar kullum, babu abin da ya shigo sai wani toka-tokan haske da ƙarar masu aiki. Suka jira har shayi ya yi sanyi. Ta juyar da kai, ta ce ya sauke labulen.

Mai tayoyin ya cika alkawari, aka kawo ƙwan. Yaya ya ɗaura shi a tsakiyar silin, ɗaki ya yi fayau, babu inuwa ko ta ƙuda. Baba Sumul ya tsani ƙwan nan kamar ya fasa shi. Ya gwada tocila, ya kwantar da ita a jikin bango yadda yake yi a wurin aiki, hannun ya fito baƙi ƙirin, yatsun sun yi zurfi sun yi tsawo, ba kyan gani. Ta rufe ido ta ce, "Kashe." Bai ƙara gwadawa ba. Ita dai wanda yake zuwa da kansa take so, ya gaishe ta ya tafi.

Ta rage cin abinci. Ta daina tsokanarsa. Da safe ya zo goge mata fuska sai ya tarar tana barci, ko tana yin kamar tana barci. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don yana ganinta tana tafiya a gabansa, ya kuma san abin da zai tsayar da ita, ga shi nan a sama yana haska rufin maƙwabci a banza.

Wata rana yana aske gemu a tsakar gida, ɗan madubin hannunsa ya wurga haske a jikin katanga. Ya tsaya da reza a hannu yana kallo. A ranar ya kwance babban madubin da ke jikin ƙofar kabad ɗinta, ya ɗaure shi da waya a kan wani dogon katako, ya kafa a jikin katanga. Idan rana ta haura benen sai madubin ya karɓe ta ya tura ta cikin taga ta gefe. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kwana da kwanaki ya yi yana ɗingisawa tsakanin katanga da ɗaki, ya karkata madubi ya shigo ya duba, ya koma ya sa tsinke ya shigo ya duba. Masu aikin benen suna leƙo shi daga sama suna ƙus-ƙus. Yaya ya zo ya tarar da shi a kan kujera yana ɗaura waya, ya tambaye shi me yake yi, ya ce haske yake nema wa uwarsa. Yaya ya tafi da damuwa. Ya ga duhun ɗaki ya dami iyayensa har ubansa ya fara wasa da madubi.

Sai wata hantsi abin ya yi. Hasken ya faɗo ta taga ya kwanta a bango, yana ɗan rawa saboda iska tana kaɗa katakon. Yashi ya tashi, sawun burushi ya fito, hannun ya bayyana gaba ɗayansa, yana motsi kaɗan-kaɗan saboda rawar hasken. Ta daɗe tana kallo. Sannan rabin bakinta mai lafiya ya ɗaga, ta ce, "Ashe tsohon nan yana da sauran amfani." Ranar ta cinye abincinta tas, shi kuma ya fita bayan gida ya share hawaye.

Ba su daɗe suna morar madubin ba tari ya kama ta, ya sauka a ƙirji, aka kwantar da ita a asibiti. Baba Sumul ya tare a can, yana kwana a tabarma a baranda. Yaya yana zuwa kullum da abinci, yana cewa kada Baba ya damu da gida, shi yana kula da komai. Uban bai kawo komai a ransa ba. Hankalinsa yana kan numfashinta, yana kuma gaya mata cewa ta yi sauri ta warke, madubi yana can yana haska ɗaki babu mai kallo.

Da yamma aka sallame su. Tun daga ƙofar gida warin sabon fenti ya tare shi. Yaya ya shige gaba ya kunna ƙwai, ya ja gefe yana murmushi. Ɗakin ya zama fari tas. Ya ce ya ga duhu yana damun Mama, shi ne ya ce bari ya yi farin fenti ko ɗakin ya ƙara haske. Kuma bai yarda ya sa yaransa ba, da hannunsa ya yi.

"Sai da na bi shi da tocila yadda ka koya mini, Baba," in ji shi. "Wallahi aikinka aiki ne. Duk ɗakin nan wuri ɗaya kawai na samu, can ƙasa gefen taga, wasu 'yan ramuka. Na cike su na goge. Taɓa ka ji."

Baba Sumul ya sunkuya da ƙyar ya shafa. Hannunsa ya wuce bai ci karo da komai ba. Yaron ya iya aiki, babu ko tantama. Yana tsaye yana jiran kalmar da ya yi shekaru yana nema daga bakin ubansa, wadda ba a cika ba shi ba ko yana yaro. Uban ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka." Da gaske yake yi, don yaron bai yi laifin komai ba, su ne ba su taɓa gaya masa ba. Uwar tana kan gado idonta a rufe, bai san ko ta ji ba.

Washegari ya goge mata fuska, ya jingina ta da matashi, ya kawo shayi. Bai je wajen labule ba. Ya gyara bargo, ya kwashe kwalaben magani ya sake jera su, ya yi ta neman abin yi. Da rana ta haura benen sai matar ta ce, "Malam, labule."

Ya ce yau kamar akwai gajimare. Ta dube shi kawai. Ya je ya ɗaga.

Madubin bai goce ba. Hasken ya shigo daidai inda ya saba, ya kwanta a jikin bango ya gangara har ƙasa. Babu yashi, babu sawun burushi, babu inuwa ko ɗaya. Tunda yake sana'ar nan bai taɓa ganin bangon da ya kai wannan kyau ba, kuma bai taɓa ganin abin da ya ƙi jini kamarsa ba.

Ya fita ya buɗe tsohon buhun kayan aikinsa, ya ɗauko cokalin gini. Ya san farin ƙullun da ake cike rami da shi bai kai siminti tauri ba, idan aka bi a hankali wataƙila ya fita ya bar na ƙasa. Ya durƙusa, gwiwarsa tana ƙara. Ya auna da ido inda wurin yake, ya sa bakin cokalin ya fara kankara. Farin gari ya zubo a ƙasa, cokalin ya zame ya ci simintin da ke ciki, ya yi wata ƙara mai tsaga haƙori.

"Malam."

Bai juyo ba. Ya ce saura kaɗan, ta yi haƙuri, yanzu zai fito da shi.

Ta yi kokawa da kalmomin kamar yadda ta saba, har suka fito ɗaya bayan ɗaya.

"Bari. Za ka ji mata ciwo."

Ya ajiye cokalin a ƙasa. Tun ranar da aka fita da Auta, wannan ne karo na farko da wani a cikinsu ya ambace ta a ɗakin nan. Ya ɗora tafin hannunsa a wurin, ya rufe shi ruf har da saura. Bangon yana da ɗan ɗumi saboda rana. Ya bar hannun a nan, ita tana kallonsa, har hasken ya janye daga jikin bangon.